Wa Ya Ɗinka Rigar da Ke Jikinka? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗalibai da Haƙƙin Ma'aikatan Ɗinki

Da ɗarin bara na shiga layin 'yan bosho a babbar kasuwar Maraɗi ina neman rigar sanyi. Yaron shago ya kwance sabuwar dila a gabana, ya zaro wata ja mai hula, an rubuta sunan wata jami'ar Amurka a ƙirjinta da manyan baƙaƙe. Jika biyu da rabi muka daidaita. Da na koma gida na juya wuyanta, sai na ga ɗan ƙyallen nan da ba mu cika kulawa da shi ba: a Honduras aka ɗinka ta. Washegari na shiga aji da ita, na tambayi ɗalibaina ko akwai wanda ya san hannun da ya yi wannan aiki. Hirar ta fi ƙarfin awa guda, ta bi mu har fada wajen shayi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi dawowa, na amsa su gwargwadon abin da na sani.

Malam, ba kamfanin da sunansa ke jikin rigar ne ya ɗinka ta ba?

Galibi ba shi ba ne, kuma daga nan rikicin ya samo asali. Manyan kamfanoni irin su Nike, Adidas, H&M da Walmart ba su ne masu masana'antun da ke ɗinka mafi yawan kayansu ba. Su dai su zana samfuri, su yanka farashi, su sa ranar da suke son kaya, sai su ba wani mai masana'anta kwangila a Bangaladash ko Biyetnam ko Kambodiya ko Honduras. Shi ma in aiki ya yi masa yawa ya tsakura ya miƙa wa wani ƙaramin wuri da ko mai kwangilar bai san da zamansa ba. Kamar Alhaji ne ya sari yadi ya kai wa tela, tela ya raba wa yaransa. Ranar da aka hana yaro haƙƙinsa, Alhaji ya ce shi tela ya sani, tela ya ce kuɗin da Alhaji ya ba shi ne bai kai ba.

Bangaladash kaɗai tana da ma'aikatan ɗinki wajen miliyan 4, fiye da rabinsu mata. A Disamban 2023 aka yanka albashinsu mafi ƙanƙanta, 12,500 a wata a kuɗin ƙasar da ake kira taka, wajen dala 113 a lokacin. Duk inda na ce dala a nan ta Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

To ina ruwan ɗalibin jami'a da wannan?

A Amurka sunan jami'a da tambarinta haja ne. Kamfani ba ya buga su a riga ko hula sai ya karɓi lasisi daga jami'ar, yana biyanta wani kaso daga cinikin, kuma cinikin na biliyoyin daloli ne a shekara. Ɗaliban suka lura cewa ba su da iko a kan Nike, ba su da hanyar zuwa Honduras, amma ofishin shugaban jami'arsu da ƙafa suke zuwa. Shi ya sa hannu a takardar lasisi, kuma abin da aka sa wa hannu ana iya gindaya masa sharaɗi, ana iya soke shi.

A ganina wannan shi ne ginshiƙin labarin duka. Ba su tsaya ga Allah wadai ba, sun nemi igiyar da bakinta ke hannunsu suka ja.

Yaushe abin ya fara?

A 1996 wani mai fafutuka, Charles Kernaghan, ya faɗa wa 'yan majalisar Amurka cewa 'yan mata ƙanana ne a Honduras ke ɗinka tufafin da ake sayarwa a Walmart da sunan wata fitacciyar mai shirin talabijin, Kathie Lee Gifford. Magana ta cika ƙasa. Tsakanin 1997 da 1998 ɗalibai daga jami'o'i da dama suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira USAS, ta ɗalibai masu yaƙi da masana'antun bautar da ma'aikata. Jami'ar Duke ta fitar da ƙa'idojin aiki ga masu lasisinta a 1998, amma ɗalibanta suka ce da sauran aiki. A Janairun 1999 suka yi zaman dirshan na awa 31 a ofishin shugaban jami'ar, kuma abin da suke nema zai ba ka mamaki don ƙanƙantarsa: a bayyana suna da adireshin kowace masana'anta da ke ɗinka kayan jami'ar.

Kamfanoni suka ce wannan sirrin kasuwanci ne. Ɗalibai suka ce wurin da ba a san inda yake ba, ba mai iya zuwa ya duba shi. Jami'ar ta amince, irin wannan zama ya bazu zuwa Georgetown da Wisconsin da wasu, kafin ƙarshen shekarar Nike da kanta ta fara bayyana wasu daga cikin masana'antun da ke yi wa jami'o'i ɗinki.

Da aka san wuraren, wa ke zuwa dubawa?

A nan aka rabu gida biyu. A 1999 aka kafa wata hukuma mai suna FLA, wadda ta fito daga wani kwamiti da gwamnatin Bill Clinton ta haɗa. Kamfanonin tufafi suna da kujeru a majalisar da ke tafiyar da ita. Ɗalibai suka ce ba a ba kura ajiyar nama. A shekarar 2000 suka haɗa kai da wasu jami'o'i da masana harkar ƙwadago suka kafa tasu, WRC. Kujerun majalisarta kashi uku ne: ɗalibai, wakilan jami'o'i, da masana masu zaman kansu. Kamfani ba shi da kujera ko ɗaya. Jami'o'i sama da 100 ne ke cikinta, kowace tana ba da gudummawa daga kuɗin lasisin da take samu.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana wajen yadda ake binciken. Mai binciken da kamfani ya ɗauka sau da yawa an san ranar zuwansa. A share wuri, a buɗe ƙofofin da aka saba kullewa, a ce wa ƙananan yara su zauna gida, a fito da littafin awoyin aiki na biyu wanda aka tanada domin baƙi. Ya kira ma'aikaciya ya tambaye ta ko tana da matsala, ga manaja tsaye bakin ƙofa. Me kake so ta ce? Su kuwa masu binciken WRC kukan ma'aikata suke bi, su je su same su a gidajensu ko wani wuri nesa da idon maigida, su ji mutum da yawa ɗaya bayan ɗaya har maganganu su haɗu, sannan su buga rahoton kowa ya karanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kamfanoni ba su so wannan ba. Da jami'ar Oregon ta shiga WRC a shekarar 2000, Phil Knight, wanda ya kafa Nike kuma tsohon ɗalibin jami'ar, ya janye kyautar dala miliyan 30 da ya yi niyyar ba ta. Ba a jima ba jami'ar ta fice.

Amma ai bincike bincike ne. Ko na kamfani ai ya fi babu?

Wani lokaci ya fi babu. Wani lokaci kuma takardar da ya bayar ita ke rufe idon kowa. A ranar 11 ga Satumba 2012 gobara ta tashi a masana'antar Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan. Tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita a kulle. Mutum sama da 250 suka mutu. Makonni kaɗan kafin ranar, wani kamfanin bincike ya ba wannan wuri takardar shaidar cika ƙa'ida. Bayan wata biyu, a Nuwamba, wata gobarar ta ci mutum aƙalla 112 a masana'antar Tazreen a Bangaladash.

Sai Rana Plaza. Bene ne mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka, da masana'antun ɗinki biyar a ciki. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, suka sallami mutanensu. Su kuwa masu ɗinki aka ce su dawo washegari, wanda ya ƙi ya manta da albashin wata. Da safiyar 24 ga wata suka shiga, wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretoci da ke saman benen, ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, wajen 2,500 suka ji rauni. Biyu daga cikin masana'antun sun riga sun ci jarrabawar masu binciken kamfanoni.

Duk sanda na zo nan a labarin sai na tsaya, don matan nan sun ga tsagar da idonsu. Ba ilimi suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne ikon cewa ba za mu shiga ba, ba tare da yaransu sun kwana da yunwa ba. Wannan ikon ba mai bincike ke kawo shi a jaka ba, ƙungiyar ƙwadago ce ke ba da shi, sandika kamar yadda muke cewa a nan.

An taɓa cin nasara ta gaske, ko surutu ne kawai?

An ci, kuma ana iya ƙirga ta.

A Janairun 2001 ma'aikata ɗaruruwa suka shiga yajin aiki a masana'antar Kukdong da ke Atlixco a ƙasar Meziko, mai ɗinka wa Nike da Reebok rigunan jami'o'i. Abin ya faro daga ruɓaɓɓen abinci da ake ba su, da korar waɗanda suka yi magana. 'Yan sanda suka tarwatsa su. Wannan ne binciken WRC na farko. Ɗalibai suka matsa wa jami'o'i, jami'o'i suka matsa wa Nike, aka mayar da korarru, a Satumban shekarar aka amince da ƙungiyar da ma'aikatan suka kafa da kansu.

Wadda ta fi girma ita ce ta Honduras, ƙasar da rigata ta fito. Kamfanin Russell Athletic ya rufe masana'antarsa a garin Choloma a farkon 2009, bayan ma'aikata sun kafa ƙungiya. Mutum 1,200 suka rasa aiki. Kamfanin ya ce kasuwa ce ta faɗi, binciken WRC ya nuna ƙin jinin ƙungiyar yana cikin dalilan rufewar. Ɗalibai suka ɗauko shugabannin ma'aikatan suka zaga da su jami'a bayan jami'a, suna ba da labari da bakinsu. Jami'o'i kusan 100 suka yanke hulɗa da kamfanin. A Nuwamban 2009 Russell ya sa hannu zai buɗe sabuwar masana'anta, ya mayar da mutanen bakin aiki, ya amince da ƙungiyarsu.

A Indunusiya kuma mai masana'antar PT Kizone ya gudu a 2011, ya bar ma'aikata wajen 2,800 ba kuɗin sallama. Adidas ta yi shekara biyu tana cewa ba ita ta ɗauke su aiki ba. Da jami'o'i suka fara soke kwangila, a Afrilun 2013 ta sasanta da su ta biya.

Me ya canza bayan Rana Plaza?

A Mayun 2013 aka ƙulla yarjejeniyar kare gine-gine da hana gobara a Bangaladash, tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya, IndustriALL da UNI, tare da na cikin ƙasar. WRC tana cikin shaidu. Abin da ya raba ta da alkawuran baya shi ne tana da haƙori: kamfanin da ya saɓa ana iya kai shi gaban masu hukunci. Kamfanoni sama da 200 suka sa hannu, injiniyoyi masu zaman kansu suka duba masana'antu sama da 1,600, ana buga sakamakon a fili, kuma ma'aikaci yana da ikon ƙin shiga wuri mai hatsari. Walmart da Gap suka ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin. Ɗaliban USAS suka koma kan jami'o'insu, cewa duk mai son lasisi kuma yana ɗinki a Bangaladash sai ya sa hannu. Daga 2023 an faɗaɗa yarjejeniyar zuwa Pakistan.

Malam, gara aiki mai wuya da zaman banza. Wannan ba tausayin 'yan boko ba ne da zai raba talaka da abincinsa?

Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa, kuma ɗalibar da ta yi ta gaskiya ta faɗa. Yarinyar da ta baro ƙauye ta samu albashi a Dhaka, ko ƙanƙane ne, ya canza rayuwarta da ta gidansu. In aka rufe masana'antar ita za ta fara shan wahala. Mu da muke ganin samarinmu suna tafiya Agadas da Libiya da Kano neman abin yi, ba sai an yi mana bayanin zaman banza ba.

Amma ku duba abin da aka nema a misalan da na kawo. A Honduras ba a ce a rufe ba, cewa aka yi a buɗe. A ƙa'idar WRC, in aka samu laifi a masana'anta ba a son kamfani ya kwashe kwangilarsa ya gudu, ana son ya tsaya a gyara. Kuma kuɗin ɗinki ɗan kaso ne ƙwarai a cikin farashin riga a kanti, don haka buɗe ƙofar gobara ko biyan awoyin da aka ƙara ba shi zai karya kamfani ba. Abin da ake yaƙi da shi shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hadisin da duk muka sani ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ce a hana shi aikin ba.

Wannan duk labarin Asiya da Amurka ne. Ya shafi Afirka?

Ya shafe ta, kuma yana matsowa. A 2019 WRC ta fitar da rahoto kan masana'antun kamfanin Nien Hsing a Lesoto, masu ma'aikata wajen 10,000 da ke ɗinka wandunan jins na Levi's da Wrangler da wasu. Matan suka ba da shaidar yadda masu kula da aiki ke tilasta musu lalata kafin a ba su aiki ko a tabbatar da su. Aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin da ƙungiyoyin ƙwadago da na mata na ƙasar, aka kafa ofishi mai zaman kansa da ke karɓar ƙara, wanda yake iya sa a kori mai laifi. A Habasha, wani nazari na jami'ar New York a 2019 ya samu albashin farawa a rukunin masana'antu na Hawassa dala 26 ne a wata. Ga maƙwabciyarmu Benin ta buɗe rukunin Glo-Djigbé kusa da Kwatano, inda ake sarrafa auduga ana ɗinka wa kamfanonin Amurka da Faransa. Nijar an cire ta daga tsarin AGOA na shigar da kaya Amurka ba haraji tun farkon 2024, amma duk ranar da mai jari ya zo neman hannu mai araha, irin waɗannan tambayoyi za su same mu a gida.

To mu daina sayen bosho?

A'a. Rigar bosho an riga an saye ta an sa ta a wata ƙasa, ƙin sayenta ba ya ƙara wa mai ɗinkin Honduras ko sisi, sai dai ya rage wa ɗan kasuwar Maraɗi. Maganar ko bosho na kashe telolinmu da masaƙunmu magana ce ta daban, kuma mai nauyi. Ruwanda ta ƙara wa irin waɗannan kaya haraji, Amurka ta dakatar da rangwamen da take yi wa tufafin Ruwanda a 2018.

Ina wannan gwagwarmaya ta gaza?

Kayan jami'o'i ɗan yanki ne na kasuwar tufafi ta duniya, igiyar ɗalibai ba ta kai ko'ina ba. Ɗalibi kuma baƙo ne, shekara huɗu ya tafi, kamfani yana nan. An samu nasara a kan gobara da kora da kuɗin sallama, amma albashi har yau bai kai na rayuwa ba a mafi yawan wurare. Da annobar korona ta zo a 2020, manyan kamfanoni suka soke odar kayan da aka riga aka ɗinka, sai da aka yi ta matsa musu kafin wasu suka biya.

Ɗalibin Maraɗi ba shi da lasisin da zai soke. Me zai iya yi?

Ɗaliban ƙasar nan ba baƙin gwagwarmaya ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy a Yamai, kuma ƙungiyar ɗalibai ta USN tare da ƙungiyar ma'aikata ta USTN suna cikin waɗanda suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Haɗin ɗalibi da ma'aikaci mun san shi tun kafin na Amurka. Abin da za mu ara daga gare su shi ne dabarar neman igiyar da ke kusa.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantunmu ba sa sayar da tambari, amma suna saye. Akwai rigunan makaranta, rigunan bikin kammala karatu, na ƙwallo, na ƙungiyoyi. Akwai masu gadi da masu shara da masu dafa abinci da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila. Kowane ɗayan nan akwai wanda ya sa hannu. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce awa 40 ne a mako, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ta ba ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiya, kuma albashi mafi ƙanƙanta ya koma jika 42 daga 2024. Ƙungiyar ɗalibai tana iya tambaya ko ana bin wannan kafin a ba da aiki.

Akwai kuma wadda ta fi kusa. A goman ƙarshe na azumin bana na kai wa telana shadda a makare, na ce lalle ina son ta kafin Salla. Ranar jajibiri na je karɓa bayan asuba, na tarar da ɗan koyonsa, yaro da bai wuce shekara 13 ba, yana barci a kan tarin ƙyallaye, ɗan yatsansa ɗaure da tsumma inda allurar keke ta huda shi. Na ce, "Ɗana, tun yaushe kake nan?" Ya ce, "Baba, tun shekaranjiya ban je gida ba." Maigidansa ba mugu ba ne, shi ma idonsa ya yi ja, rabin masu kayan ba su biya shi ba. Amma ni na sa ranar, ni na taya farashin har ya rage. Abin da Nike take ga matar Honduras, shi nake ga wannan yaro a daren.

In ma'aikaci ya kawo mana kuka gobe, ta ina za mu fara?

Ku fara da tambayarsa abin da shi yake so a yi, don shi zai koma wurin aikin, ba ku ba. Kada ku same shi a bakin aiki, ku je gida ko wani wuri da ya zaɓa. Ku rubuta ranaku da awoyi da kuɗin da aka yi alkawari da wanda aka biya, ku ji aƙalla mutum uku ko huɗu kowa shi kaɗai, ku ga ko maganar ta zo ɗaya. Ku je ku ji ta bakin maigidan shi ma, cikin ladabi, don wani lokaci gyaran a nan yake ƙarewa. In bai ƙare ba, akwai ofishin insifektan aiki a Maraɗi, akwai ƙungiyoyin ƙwadago da suka san hanyar shigar da ƙara. Sunan ma'aikaci da hotonsa da muryarsa kuwa kada su fita a WhatsApp ko Facebook sai da yardarsa, bayan kun faɗa masa a fili cewa yana iya rasa aikin.